Alamar Tarawa da Jinin Taibatu

Ranar Talata ce, ranar da kasuwar Mafara ke ci, amma Ummulkhairi ba ta gari. Da sassafe ta shiga mota zuwa Bakura, domin kwamfutar shagon kawunta Balarabe ta ƙi tura aiki ga injin buga takardu, ɗalibai kuma sun dame shi da zarya. Ta gama gyaran da hantsi, tana zaune a kan benci tana shan furar da matar Kawu ta aiko, sai wayarta ta yi ƙara. Yunana ne.

Yunana ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti a Talata Mafara. Mutumin kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo shi, ya daɗe a garin har 'ya'yansa sun fi shi iya Hausar Zamfara. Shi ne ya gaji da fita tasha yana roƙon direbobi da 'yan dako su taimaka da jini duk lokacin da aka kawo mai buƙata. Sai ya haɗa kai da wasu mutanen gari, suka bi Mafara da Bakura da Maradun suna karɓar sunayen masu niyyar bayarwa don Allah, da lambar wayarsu, da rukunin jininsu. Ummulkhairi ta karanci kwamfuta, tana koyar da ita a wata makaranta mai zaman kanta, ita ce ta rubuta musu ƙaramar manhaja. Yunana zai rubuta rukunin da yake nema, ya danna, saƙon tes ya tafi wayar duk mai irin wannan jini. Tun da aka fara amfani da ita ba ta taɓa ba su kunya ba. Sai dai duk neman da aka yi na jinin negetif ne, mai wuyar samu. Masu fositif yawanci a cikin dangin mara lafiya ake samun wanda zai bayar, ba a kai ga buɗe manhaja.

Yau Yunana bai tsaya gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne.

"Malama, kina ina?"

"Ina Bakura. Lahiya dai, Malam Yunana?"

"Da sauƙi. An kawo wata mata daga Ruwan Gizo, Taibatu sunanta. Ta haihu da asuba, jini ya ɓalle mata. Likita ya samu ya tsayar da shi, amma ta zubar da yawa. B fositif ce. Mijinta A ne, ba zai yi ba. Ƙanenta ya ba da leda guda, an sa mata, ba ta isa ba. Wanda muke da shi a firji jiya masu haɗarin mota suka ƙarar."

"Ka tura saƙo?"

"Tun ɗazu. Manhaja ta rubuta mini an aika. Amma Malama, shiru kike ji. Ranar kasuwa fa, gari cike da mutanenmu, na san masu B fositif da yawa a cikinsu. Mutum ɗaya tak ya kira, wani Ɗanlami mai gyaran injin ban-ruwa a Maradun. Ya ce ya hau babur yana hanya."

Ummulkhairi ta ajiye kwanon furar a ƙasa.

"Kada ka kashe waya."

Ta jawo jakarta ta fito da laftof, ta ɗora a kan teburin da Kawu ke yanka takardu. Sabis ɗin Bakura a ranar kamar ana ɗigo shi da cokali, shafin ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe. Ba ta fara da neman inda matsalar take ba. Ta buɗe sunayen, ta bi da ido tana tsinto masu B fositif na cikin Mafara, tana karanta wa Yunana lambobinsu yana rubutawa a bayan takardar gwaji. Ya ce zai ba mijin matar wasu ya riƙa kira, shi ya kira wasu. Ta san wannan hanya ba ta da sauri. Wani wayarsa a kashe, wani yana tsakiyar ciniki ba zai ɗauki baƙuwar lamba ba. Amma ta fi zama a jira.

Da ya kashe, ta shiga inda manhajar ke ajiye bayanin duk abin da ta aikata. Ga neman da Yunana ya yi. Ga abin da ya rubuta, B da alamar tarawa, wato B fositif, babu kuskure. A ƙarƙashinsa inda ya kamata ta ga lambobi a jere har ƙasan shafi, lamba ɗaya ce. Ta Ɗanlami.

Kawu Balarabe ya bar mai hoton fasfo da yake sallama, ya matso.

"Mi ya hwaru, ɗiyata? Huskarki ta sake."

"Kawu, wata mata ce ke buƙatar jini Mahwara, saƙon da anka tura bai tahi ba. Mutum guda ɗai ya samu."

"Innalillahi. Kuɗin tes ɗin ne sunka ƙare?"

"Akwai su. Ba su ba ne."

Ta tsura wa allon ido. In da saƙon bai je wa kowa ba, da sai ta ce kamfanin waya ne ko sabis. Amma ya je wa mutum ɗaya. Me ya bambanta Ɗanlami da sauran? Ta nemo sunansa. Maradun, lambar waya, sannan rukunin jini. A wurin rukunin an rubuta B kawai. Babu tarawa, babu ɗebewa. Da alama ranar da aka karɓi sunansa ya tuna an taɓa ce masa B, amma bai riƙe sauran ba.

Ta ɗora hannu biyu a ka.

Lokacin da take rubuta manhajar ta lura cewa waɗanda suka karɓi sunayen kowa da irin rubutunsa. Wani ya sa babban harafi, wani ƙarami, wani ya ƙara haruffan Turanci a bayan alamar, wani ya bar fili. Don kada a tsallake kowa sai ta yi amfani da abin da masu rubuta manhaja ke kira regex, wato wani salo na faɗa wa kwamfuta siffar rubutun da ake nema, ba rubutun kansa harafi da harafi ba. Ta bar gurbi a tsakiyar salon, duk abin da Yunana ya rubuta a zuba shi a nan yadda yake. To a cikin regex akwai alamomin da ba a ɗaukarsu a matsayin rubutu, umarni ne su. Alamar tarawa tana cikinsu. Ma'anarta a can ita ce harafin da ya gabace ta, sau ɗaya ko fiye. Yunana ya rubuta B fositif, kwamfuta ta fahimci a nemo wanda aka rubuta masa B, ko BB, ko BBB, ba tare da wata alama a baya ba. Duk mai B da alamar tarawa ta gaske ta tsallake shi. Alamar ɗebewa kuwa ba ta da wani iko a wannan wuri, shi ya sa neman negetif bai taɓa samun tangarɗa ba.

"Kin gano?" in ji Kawu.

"Na gano. Laihina ne, Kawu. Na bar ƙohwa buɗe, abin da mutum ya rubuta shina shiga kai tsaye. Ita kwamfuta in ta ga alamar tarawa ba ta ganin hositif, umarni take gani."

"To yanzu ƙaƙa za a yi ta gane?"

"Akwai wata 'yar sanda karkatacciya da ake sa wa gaban alamar. In ta ganta, ta san alama ce kurum anka nuha, ba umarni ba."

"To sa mata sandar mana!"

Da ta so, da ta gyara tarawar kaɗai ta wuce. Amma ta san ba ita kaɗai ba ce. Ɗigo ma umarni ne a regex, haka tauraro, da alamar tambaya, da baka-biyu, da alamar dala, har da ita sandar kanta. Gobe wani zai rubuta sunan gari da ɗigo ko ya buɗe baka ya manta bai rufe ba, manhajar ta sake yin wani abin. Sai ta rubuta ɗan gajeren aiki guda, wanda duk abin da aka rubuta sai ya bi ta cikinsa, ya sa wa kowace irin wannan alama sanda kafin a zuba shi a gurbin. Layi biyu ne. Ta goge ta sake rubutawa.

Ta gwada ba tare da ta bari saƙo ya fita ba. Allon ya juya, ya juya, ya kawo suna ɗaya. Ɗanlami.

"Bai yi ba?" Kawu ya tambaya a hankali.

Ta girgiza kai. Wayarta ta yi ƙara, Yunana ne, ta danna ta sa a kunne da kafaɗa.

"Mun samu mutum guda a cikin waɗanda kika ba ni, amma yana gona a Bakolori, sai ya fito titi. Sauran ba su ɗauka ba. Likita ya leƙo yana tambayata."

"Ka ba ni kaɗan, Malam Yunana. Na ga abin."

Ta sa manhajar ta nuna mata salon da ta haɗa kafin ta fara nema. Ya fito a allo, B+ kamar dā. Sandar ba ta nan. Ta duba abin da ta rubuta, ga sandar a wurinta. Sai ta tuna. A yaren kwamfutar da take rubutu da shi, sandar da ke cikin jimla ita ma tana da aikinta, yaren yana cinye ta tun kafin ta isa wurin regex. Sai an rubuta biyu kafin ɗaya ta tsira. Abin da take koya wa ɗalibanta ne, yau gaggawa ta rufe mata ido. Ta ƙara sanda ta biyu, ta sake gwadawa.

Salon ya fito B\+, sannan sunaye suka zubo. Mafara, Mafara, Bakura, Jangebe, Mafara, Maradun, har shafin ya cika ya nemi na biyu.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Ta gwada sauran rukunan ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, kowanne ya kawo mutanensa. Ta fara ɗora gyaran a intanet, sabis ya tsaya cak a tsakiya, Kawu ya ɗauki wayar da take ba laftof ɗin intanet ya fita da ita bakin titi ya ɗaga sama kamar mai nuna wa wani hanya. Gyaran ya wuce. Ta rubuta rukunin da hannunta, ta ƙara da cewa mai jego ce, ana buƙata yanzu, a nemi Yunana a ɗakin gwaji. Ta yi bisimilla ta danna.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar janareta a waje. Daga nan, ta cikin katangar langa-langa da ta raba shagon Kawu da na maƙwabcinsa, suka ji wata waya ta yi ɗan kukan shigowar saƙo. Keken ɗinkin da ke ta aiki tun safe ya tsaya. Jim kaɗan Mukhtar tela ya leƙo, tef rataye a wuyansa, waya a hannu.

"Alhaji, ka ji wai ana biɗar jini Mahwara, irin nawa. In wani ya zo amsar ɗinki ka ce mishi ya dawo da marece."

Kawu Balarabe ya dubi Ummulkhairi, ta dube shi, sai ya fashe da dariya har yana riƙe tebur. Mukhtar ya tsaya yana kallonsu, bai san me ya faɗa na dariya ba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai a kan laftof ɗin, hawaye suka sauko mata, ba ta hana su ba.

"Tahi, Mukhtar, Allah shi ba ka lada," in ji Kawu. "Ita ma ɗiyag ga can za ta. Ke, tashi in kai ki tasha, na san zamanki nan ya ƙare."

A mota ta zauna a gefen taga, jaka a cinya. Gonakin albasa da na shinkafa suna wucewa, ruwa yana ƙyalli a cikin kwalbatoci, amma idonta na kan waya. Ta kira Yunana, layinsa a cike. Ta sake kira, a cike. Wata tsohuwa da ke kusa da ita riƙe da kaji biyu ta tambaye ta ko mara lafiya gare ta. Ta ce e. Tsohuwar ta yi mata addu'a mai tsawo, Ummulkhairi tana amsawa da amin, tana lissafa a ranta tsawon lokacin da Taibatu ta yi tana jira daga saƙon farko zuwa na biyu. Ta kasa daina wannan tunani har suka shiga gari, motar ta maƙale a cunkoson kasuwa. Ta sauka ta hau babur.

Tun daga ƙofar asibiti ta ga babura a jere. A barandar ɗakin gwaji benci ya cika, wasu suna tsaye. Ga mai sayar da albasa da warin kayansa a jikinsa, ga wani mahauci bai ko cire rigar aiki ba, ga Gloria mai shagon magani da ke bakin tasha, ga malamin Islamiyya da littafinsa a hammata. Mukhtar ya riga ta isowa, yana zaune a ƙarshen benci yana naɗe hannun riga. Ana ta gaisawa, kowa yana tambayar na kusa da shi ko shi ma saƙon ya samu.

Yunana ya fito da safar hannu, ya hango ta. Fuskarsa kawai ta kalla.

"Tana nan," ya ce tun kafin ta tambaya. "Leda ta biyu tana shiga, ta uku tana hannuna. Likita ya ce ta tsallake, da yardar Allah."

Ta jingina da ginshiƙin baranda.

"Malam Yunana, ka yi haƙuri. Da na gwada hositif tun ranar hwarko..."

"Ni ma ina wurin ranar da muka gwada, ban ce a gwada ba. Mu biyu muka zauna muna ta O negetif, O negetif, saboda shi ke hana mu barci. Bar wannan maganar. Zo ki ga wanda ya fara bayarwa."

A ƙarƙashin bishiyar dogon-yaro wani ƙaƙƙarfan mutum yana zaune a kan tabarma, auduga a lanƙwasar hannunsa, yana shan lemon kwalba. Ƙurar hanyar Maradun ta yi masa fari a gira. Kusa da shi wani siririn mutum ya durƙusa yana ta yi masa fifita da hularsa.

"Wannan shi ne Ɗanlami," in ji Yunana. "Wancan kuma Surajo, mijin mai jego. Na gwada jinin Ɗanlami, ashe B negetif ne. Yana yi wa mai B fositif. Ya iso tun kafin saƙonki na biyu ya tara mutane, nasa ne ke shiga jikinta yanzu. Kuma irinsa ne muke nema ruwa a jallo, yana zaune a Maradun ba mu sani ba."

Ummulkhairi ta durƙusa ta gaishe su. Suka yi gaisuwa cikakkiya, ta gida da ta aiki da ta gajiya da ta mai jiki.

"Ni dai saƙo ya shigo min ina cikin kwance inji," in ji Ɗanlami. "Na ce tunda ni anka kira, ai sai in tahi. Da na iso na ga ba kowa, na ce ikon Allah, duk Zamhwara ni ɗai ad da wanga jini?"

Yunana ya yi dariya ya koma ciki. Surajo bai fahimci zancen saƙo na ɗaya da na biyu ba, kuma bai tambaya ba. Ya ce tun asuba bai zauna ba sai yanzu. Ya ce da aka ba shi lambobi ya kira, hannunsa ya kasa danna waya, sai wani mai jinya ne ya danna masa. Ya dubi barandar da ta cika da mutanen da bai taɓa gani ba, ya mai da hular kansa ya sake cirewa.

Mutane ba su daina zuwa ba. Yunana ya sake fitowa ya ce mata don Allah ta tura musu cewa an samu, kada wani ya taso daga Jangebe a banza. Manhajar ba ta da wurin irin wannan saƙo, ba su taɓa tunanin za a yi yawa ba. Ta zauna a kan dakali ta buɗe laftof a cinya ta tura da hannu, ta yi godiya, ta ce Allah ya saka. Waɗanda suka riga suka zo Yunana ya roƙi wasu su bayar a ajiye a firji, suka yarda, mahaucin ma ya ce in ba a ɗibi nasa ba bayan ya bar rumfarsa ranar kasuwa, to za a ji su da Yunana.

Bayan la'asar ta nemi izini ta leƙa ɗakin masu jego. Ba ta yi niyyar shiga ba, so take ta gani da idonta kawai. Taibatu tana kwance a gadon ƙarshe, ƙaramar mace, leɓɓanta sun bushe, amma idonta biyu, tana bin ledar da ke rataye a samanta da kallo. Wata dattijuwa na zaune a bakin gadon da jariri a zane. Da ta ga Ummulkhairi a tsaye a ƙofa sai ta yafito ta.

"Ke 'yan nan, zo ki kama min shi in yi salla, tun azahar ban samu ba."

Ba ta tambaye ta ko wace ce ba. Ta miƙa mata jaririn, ta ɗauki buta ta fita. Ummulkhairi ta sauke jakar daga kafaɗarta ta zauna a inda dattijuwar ta tashi. Yaron ba shi da nauyi, yana barci, bakinsa yana motsi.

Taibatu ta juyo da kanta a hankali.

"Sannu," in ji Ummulkhairi. "Ƙaƙa jikin?"

"Da sauƙi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. Ta haɗiye yawu. "Yunwa nike ji. Ko za ki tambaya min in an yarda in sha kunu?"

"Bari Inna ta dawo, in tahi in tambaya."